Darasi na Tara: Percy Girouard, Soja Ɗan Kanada Mai Yaƙi da Layin Dogo

Manufofin darasi

Bayan kun kammala wannan darasi, ana so ku iya:

1. faɗin ko wane ne Percy Girouard, da yadda aka yi ɗan Kanada ya mulki Arewa;
2. bayyana ma'anar jigila a wajen yaƙi, da dalilin da ya sa rundunar da ba ta da ita take karyewa;
3. fitar da saurin aiki ta hanyar raba nisa da yawan kwanaki;
4. nuna dangantakar dokar ƙasa ta 1910 da gonar da kuke nomawa yau.

1. Gwamnan da ba a cika tunawa da shi ba

Idan hira ta kai ga zamanin Turawa, sunan da ke fara zuwa bakin mutane shi ne Gwamna Lugga. Shi ya turo sojojin da suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, shi kuma ya naɗa Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu bayan Attahiru na Farko ya yi hijira gabas. Amma Lugga ya bar Arewa a 1906. Wanda ya gaje shi kuwa ba ma Ba'ingile ba ne. Ɗan ƙasar Kanada ne, hafsan soja, sunansa Percy Girouard. Sunan na Faransanci ne, ana furta shi kamar "Jiruwar".

Bai cika shekara uku a kan kujerar ba, kuma a Zungeru ya zauna, don nan ne hedkwatar Arewa a lokacin. To, mutumin Tambuwal ko Kebbe da ya ajiye fartanya ko ya rufe shago ya zo aji da yamma, me ya haɗa shi da wannan baƙo? Layin dogon da ya isa Kano, shi ya kafa harsashinsa. Dokar da ta ce ƙasa duka tana hannun gwamna, wadda jikanyarta ke aiki a kanmu har yau, daga teburinsa ta taso. Abubuwan nan biyu kuwa ba za su fito fili ba sai mun san irin yaƙin da ya yi kafin ya iso nan.

2. Daga Montreal zuwa rundunar Ingila

An haife shi a birnin Montreal ranar 26 ga Janairu, 1867. Don ku gane zamanin, a shekarar ce Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu ya zama Sarkin Musulmi, wato ɗan'uwan Muhammadu Buhari wanda ya zauna a Tambuwal. A shekarar kuma yankunan Kanada suka haɗu suka zama ƙasa ɗaya a ƙarƙashin Sarauniyar Ingila. Mahaifinsa, Désiré Girouard, lauya ne ɗan siyasa, daga baya ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Kanada.

Yaron ya shiga kwalejin soja da ke garin Kingston, ya gama a 1886 yana da shekara 19. Sai ya yi shekara biyu yana aikin shimfiɗa layin dogo a ƙarƙashin kamfanin Canadian Pacific. Sojojin Kanada na dindindin ba su da yawa a wancan lokaci, saboda haka saurayin da ke son ɗaukaka a aikin soja rundunar Ingila yake nufa. A 1888 aka ba shi muƙamin hafsa a sashen injiniyoyinta, wanda ake kira Royal Engineers. Daga 1890 zuwa 1895 yana kula da jiragen ƙasan da ke zirga-zirga a cikin babbar masana'antar makamai ta Woolwich, kusa da Landan. Aiki ne na lissafin taragai da tsara lokaci, ba irin wanda ake yi wa kirari ba. Amma a nan ya koyi abin da ya ci da shi har ƙarshen rayuwarsa.

> Akwatin ma'ana
> Hafsa: sojan da aka ba takardar naɗi ya shugabanci wasu sojoji, kamar laftanar, kyaftin, manjo ko kanar.
> Injiniyan soja: sojan da aikinsa gina hanya, gada, rijiya ko layin dogo domin runduna, ko kuma rushe na abokan gaba.

3. Mene ne jigila?

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Soja mutum ne, yana ci yana sha, dokinsa ma haka, bindigarsa kuma sai da harsashi. Runduna mai mutum dubu ashirin gari ne guda da ke tafiya, gari kuma wanda ba ya noma. Duk abin da zai ci sai an kawo masa daga baya.

> Akwatin ma'ana
> Jigila: kai abinci, ruwa, makamai, magani da mutane daga inda suke zuwa inda ake bukatarsu, a kan lokaci.
> Bakin dogo: wurin da shimfiɗar layin dogo ta tsaya a ranar, inda jirgi ba ya iya wucewa.

Misali na 1. Mu ƙaddara wani falke zai ratsa dajin da ba ciyawa. Jakinsa yana ɗaukar kwano 40 na dawa, yana kuma cin kwano 2 kullum daga cikin kayan.

Tafiyar kwana 5: 2 × 5 = 10. Zai isa da kwano 30.
Tafiyar kwana 10: 2 × 10 = 20. Zai isa da kwano 20.
Tafiyar kwana 20: 2 × 20 = 40. Zai isa da buhu wayam.

Ba mu ma sa abincin dawowa ba. Kun ga ke nan, akwai nisan da dabba ba ta da amfani a cikinsa, don ta cinye abin da aka ɗora mata. Wannan ita ce matsalar da ta tsaya a gaban sojojin Ingila da na Masar lokacin da suka yi niyyar cin Sudan.

4. Sudan: dogo a cikin hamada

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce gare mu. Ta nan alhazanmu na da suke ratsawa a ƙasa zuwa Makka. A 1881 wani malami, Muhammad Ahmad, ya yi da'awar shi ne Mahadi, mabiyansa da ake kira Ansaru suka ci Hartum a 1885. Ya rasu a shekarar, Halifa Abdullahi ya gaje shi. Labarin ya iso ƙasarmu, har Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa.

A 1896 Janar Kitchener, shugaban sojojin Masar, ya fara gangarawa kudu don ya ƙwace ƙasar. Ya ɗauko Girouard, laftanar ɗan shekara 29, ya danƙa masa layin dogo. Aikin farko shi ne gyara wani tsohon layi da tsawaita shi a gefen Kogin Nilu, wanda ya taimaka aka ci Dongola a shekarar. Aka ba shi lambar yabo ta DSO.

Aiki na biyu shi ne wanda ya fitar da sunansa. Ku ɗauki tsinke ku zana a ƙasa: daga garin Abu Hamed, Kogin Nilu yana yin wani babban lanƙwasa kamar baka kafin ya iso Wadi Halfa, kuma a cikin lanƙwasan akwai duwatsun da ke hana jirgin ruwa wucewa sai da ambaliya. Kitchener ya ce a bar bakan, a bi tsirkiya. Wato a shimfiɗa dogo kai tsaye daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed, kimanin kilomita 370, cikin hamadar da ba gari, ba itace, ba sanannen ruwa. Ƙwararrun injiniyoyi da aka tuntuɓa suka ce ba zai yiwu ba. Ƙari a kan haka, Abu Hamed ɗin da za a nufa yana hannun Ansaru a lokacin.

Girouard bai fara da diga ba, da alƙalami ya fara. Ya zauna ya rubuta duk abin da aikin zai ci, tun daga kan jirgi har ƙusa da fitila, ya tara su cikin littafi guda mai kauri. Ya je Ingila ya sayo kaya. Da yake ba a da ma'aikatan jirgi, aka buɗe makaranta a Wadi Halfa ana koya wa matasa aikin tasha da na waya. Ranar 1 ga Janairu, 1897, aka fara aiki.

Babbar damuwa ruwa ce. Kan jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya, yana cin kwal yana shan ruwa kamar raƙumin da ya kwana bakwai a daji. Ga kuma dubban leburori a bakin dogo, kowa da ƙishirwarsa. Dole kowane jirgi ya ja tankunan ruwan da zai sha zuwa da dawowa, da na leburori, sannan sauran taragai su ɗauki ƙarafa da katakai. Kullum layin ya ƙara tsawo, taragan ruwa suna ƙaruwa, na kaya suna raguwa. Jakin falken nan ne dai, sai dai na ƙarfe. Abin da ya cece su shi ne an haƙa rijiya a wurare biyu a tsakiyar hamadar, aka kuwa sami ruwa. Da yake babu garuruwan da za a sa wa tashoshi sunansu, lamba aka ba su: tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, haka har gaba.

A watan Agusta sojojin Kitchener suka bi ta kogi suka ci Abu Hamed, ranar 31 ga Oktoba kuma dogo ya iso garin.

Misali na 2. Daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Oktoba kwana 304 ne. Nisan kilomita 370 ne.

370 ÷ 304 = kilomita 1.2 a kowace rana, a matsakaicin lissafi.

Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne. Da wannan saurin:

100 ÷ 1.2 = kwana 83, wato wata uku ba su cika ba.

Ku lura, matsakaici ba ya nufin kowace rana haka aka yi. A watannin farko aikin ya yi ta jan ƙafa, a na ƙarshe kuwa ana ninka wannan adadi.

A watan Yuli na 1898 layin ya kai Atbara. Tafiyar da raƙumi da kwale-kwale ke yi cikin makonni ta koma ta kwana ɗaya ko biyu. A kan dogon aka ɗauko sojoji da igwa da harsashi, har da jiragen ruwa na yaƙi da aka kwance gunduwa-gunduwa aka sake haɗa su a bakin kogi. Ranar 2 ga Satumba, 1898, aka gwabza a Karari, kusa da Umdurman. Kafin rana ta yi tsaka an kashe Ansaru fiye da 10,000. Waɗanda suka mutu a ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba.

Littattafan Turawa sun cika da yabon wannan layi, kuma gaskiya aikin gwaninta ne. Amma mai karatu ya riƙe abu biyu a zuciyarsa. Waɗanda suka ɗauki ƙarfen a kafaɗa cikin rana talakawan Masar ne da aka ɗebo aikin soja dole, da fursunoni, da Sudanawan da aka kama a yaƙi, ba a kuwa rataya wa ko ɗaya daga cikinsu lambar yabo irin ta Girouard ba. Na biyu, Ansaru ba ragwaye ba ne, abokan gabarsu ma sun shaidi jaruntakarsu. Abin da ya kashe su a Karari an loda shi ne a Wadi Halfa.

5. Afirka ta Kudu

Bayan Sudan aka ba shi shugabancin hukumar jiragen ƙasan Masar. Bai daɗe ba yaƙi ya ɓarke a 1899 tsakanin Ingila da Buwa, wato Turawa 'yan asalin Holan da suka zauna a Afirka ta Kudu, aka kira shi ya riƙe jiragen ƙasan soja. Buwa suna ja da baya suna fasa gadoji. Maimakon ya jira a sake gina babbar gada, sai ya sa a karkatar da layin ya gangara cikin kwarin kogi, a yi ƙaramar gada ta wucin gadi, jirgi ya wuce. Dubban baƙaƙen fata ne suka yi wannan aiki. A 1900 aka ba shi sarautar "Sir" yana da shekara 33. A kan waɗannan layuka kuma aka kwashi mata da yara zuwa sansanonin tsarewa, inda cuta da yunwa suka kashe dubbai, Buwa da baƙaƙe. Yaƙin ya ƙare a 1902.

6. Baro zuwa Kano

Me ya sa aka turo mai dogo ya gaji Lugga? Masaƙun Lancashire a Ingila suna neman auduga, an kuma gaya musu ƙasar Hausa tana da ita. Ƙaramin ministan da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka a lokacin shi ne Winston Churchill, wanda da kansa ya halarci yaƙin Karari, ya ga abin da dogo ya yi. Akwai kuma tsoro. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, sun kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, aka ɗauki makonni kafin ƙarin sojoji su iso a ƙasa. Da suka iso a watan Maris suka shafe garin. Turawa 'yan kaɗan ne a ƙasa mai faɗi, sun kuma san hanya mai sauri ita ce kariyarsu.

Girouard ya iso a 1907 da muƙamin Babban Kwamishina, a 1908 aka mayar da sunan muƙamin Gwamna. Shawararsa ita ce a fara layin daga Baro, a bakin Kogin Kwara, don jiragen ruwa su hauro da ƙarafa daga teku lokacin da ruwa ya cika. Daga nan ya bi ta Minna, ya haye Kogin Kaduna, ya ratsa Zariya ya shiga Kano, mil 356, wato kimanin kilomita 570. Ya ce a yi shi da arha, kada a ba ɗan kwangila, Ma'aikatar Ayyuka ta yi da kanta a ƙarƙashin shugabanta John Eaglesome. Faɗin layin ƙafa uku da inci shida ne, daidai da na Sudan. Gwamnatin Ingila ta amince a 1907, aiki ya kankama a 1908.

Arhar daga ina ta fito? Daga gumin talaka. Razdan ya gaya wa sarki adadin mutanen da ake so, sarki ya raba wa hakimai, waɗanda mu a ƙasar Sakkwato muke ce wa uwayen ƙasa, su kuma su raba wa na ƙasa da su, har abin ya faɗo kan mai gida. Mutum ya yi 'yan makonni yana haƙa da ɗaukar ƙasa a kai, a sallame shi a kawo wani. Nufawa da Gwarawa da Zagezagi da Kanawa ne suka fi shan wannan. Ana biyansu da tsabar kuɗin Turawa, kwabo da sisi da sule, abin da ya taimaka wuri ya fara ja da baya a kasuwa, kuɗin kuma akasari haraji yake komawa. Amma biya bai mayar da aikin na ganin dama ba, don wanda aka kira ba shi da ikon cewa a'a. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda aka yi aikin a idonsa, ya yi waƙa a kai, ita ce ake kira Waƙar Diga.

> Akwatin ma'ana
> Aikin tilas: aikin da hukuma ke sa mutum ba da yardarsa ba, ko da an biya shi.
> Razdan: Baturen da ke shugabantar lardi a zamanin mulkin mallaka.

Dogo ya isa Kano a 1911, bayan Girouard ya bar ƙasar, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Sai manomi ya ba Bature mamaki. Audugar da aka yi layin dominta, masaƙa da marina na gida sun fi Turawa sayenta da daraja. Manoman Kano suka juya ga gyaɗa, wadda in kasuwa ta faɗi ana iya ci, ga ƙuli-ƙuli ga mai ga harawa. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta kai kimanin tan 19,000, ninki da yawa a kan ta shekarar da ta gabata. Daga nan aka kama hanyar dalar gyaɗa da arzikin attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

Mu fa? Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Har yau jirgin ƙasa bai taɓa kuka a Tambuwal ba. Duk da haka layin ya taɓa mu, ta inda ba mu so. Jega maƙwabciyarmu babbar kasuwa ce a ƙarni na 19, ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja suna yada zango a nan. Da dogo ya haɗa Legas da Kano, goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga can jirgi ya hauro da shi. Ayari suka ragu, ciniki ya karkata gabas.

Wani abu da ya shafi ajin nan namu: Girouard ne ya ɗora wa Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, aikin kafa makarantun gwamnati a Arewa. Makarantarsa ta Nasarawa a Kano ta fara aiki a 1909.

7. Ƙasa ta wa ce?

Kafin Turawa muna da tsarinmu. Ana gadon gona, ana aro, ana jingina, ana kyauta, wanda ya sare daji da izinin sarki ya raya shi ya zama nasa. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu kan hukuncin raya mataccen fili.

Girouard ya tambayi razdan-razdan yadda abin yake a lardunansu, amma yana da nasa ra'ayin tun kafin amsa ta zo. Ya karkata ga koyarwar wani Ba'amurke, Henry George, mai cewa darajar ƙasa ta jama'a ce, bai kamata ta taru a hannun 'yan tsiraru ba. Sai ya kafa hujja kamar haka: a ƙasar Hausa ba wanda ya mallaki ƙasa mallaka ta har abada, sarakuna riƙon amana suke yi, tun da kuwa Ingila ta ci sarakunan da yaƙi, amanar ta dawo hannun gwamna. Aka kafa kwamiti a Landan a 1908, a 1910 aka fitar da doka. Ta ce ƙasar Arewa duka, wadda ake nomawa da wadda ba a nomawa, tana ƙarƙashin ikon gwamna, zai riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa.

Dokar ta yi rana ta wani gefe. Ta hana kamfanonin Turawa sayen manyan filaye su mayar da manoma leburori a gonakin kakanninsu, kamar yadda aka yi a wasu ƙasashen Afirka. Ta ɗaya gefen kuwa, da alƙalami ɗaya ta mayar da mai gona mai riƙo. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi Dokar Amfani da Ƙasa, ta shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya duka, aka kuma saka ta cikin tsarin mulki.

> Akwatin ma'ana
> Haƙƙin riƙo: ikon zama a fili ko noma shi, da gadar da shi ga 'ya'ya, alhali asalin ikon ƙasar yana hannun gwamna.
> Diyya: abin da hukuma ke biyan mutum idan ta karɓi filin da yake riƙe da shi don aikin jama'a.

Misali na 3. Wani manomi a ƙasar Kebbe ya gaji gona daga mahaifinsa. A cikinta akwai mangwaro 6, rijiya 1, rumbu 2, da dawar da ba a girbe ba. Gwamnati za ta fitar da hanya ta tsakiyar gonar. A ƙarƙashin dokar 1978, abin da za a ƙiyasta a biya shi shi ne abin da hannu ya sa a filin: itatuwan, rijiyar, rumbunan da amfanin gona. Ƙasar kanta ba a sa mata kuɗi. In filin karkara ne da ƙaramar hukuma ta karɓa, doka ta ce ta ba shi wani ya noma. Saboda haka ranar da masu ƙiyasi za su zo, ya kasance yana wurin da shaidunsa, ya ga an ƙirga kowane itace an rubuta.

8. Kenya, da abin da ya biyo baya

A 1909 aka mayar da shi gwamnan ƙasar da yau ake kira Kenya. A can akwai Turawa 'yan kama-wuri-zauna, idonsu kuma yana kan makiyayar Laikipia, wadda yarjejeniyar 1904 ta tabbatar wa Masai, makiyaya masu shanu kamar Fulaninmu. Mutumin da ya hana Turawa ƙasa a Arewa shi ne ya matsa aka yi sabuwar yarjejeniya a 1911, aka tashi Masai da garkunansu zuwa kudu, mutane da shanu suka mutu a hanya. Ya kuma riga ya yi wa Turawa alkawarin filayen, ya ɓoye wa ofishin Landan. Da maganar ta fito ya ajiye aiki a 1912. Wanda zai yabe shi kan dokar 1910 sai ya haɗa da wannan a ma'auni. A Arewa babu Turawan da ke neman gona suna matsa masa, a Kenya akwai.

Ya koma kamfanin ƙera makamai na Armstrong Whitworth. A 1915, ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, harsashin igwa ya yi wa sojojin Ingila ƙaranci, aka naɗa shi babban daraktan samar da makamai a ƙarƙashin minista Lloyd George. Ba su jitu ba, bai daɗe ba ya koma kamfaninsa. Ya rasu a Landan ranar 26 ga Satumba, 1932. A Kanada akwai wani dutse a yankin Banff da aka sa wa sunansa.

Tambayoyin bita

1. A wace shekara aka haifi Girouard, kuma shekararsa nawa lokacin da ya zo Arewa a 1907?
2. Me ya sa ɗan Kanada ya shiga rundunar Ingila?
3. Ku bayyana jigila da kalmominku, ku kawo misali daga aikin gona, kasuwa ko biki.
4. Raƙumi yana ɗaukar kwano 120, yana cin kwano 4 kullum daga kayansa. Kwano nawa zai isar bayan tafiyar kwana 12? Bayan kwana nawa kayan za su ƙare?
5. Me ya sa ruwa ya fi komai wahala a layin Wadi Halfa zuwa Abu Hamed?
6. In ana shimfiɗa kilomita 1.2 a rana, kwana nawa layin Baro zuwa Kano mai kilomita 570 zai ci?
7. An biya leburorin dogo kuɗi. Me ya sa duk da haka ake kiran aikin na tilas?
8. Don wane amfanin gona aka yi layin Kano, wanne ne kuma ya cika taragai? Me ya jawo haka?
9. Ta yaya dogon da bai zo Tambuwal ba ya shafi kasuwar Jega?
10. Mene ne bambancin mallaka da haƙƙin riƙo?
11. Ku kwatanta abin da Girouard ya yi da ƙasa a Arewa da abin da ya yi da ita a Kenya. Ku tattauna a aji.
12. Aikin gida: ku tambayi wani dattijo a unguwarku yadda ake kai gyaɗa, auduga ko fata daga garinku zuwa tashar jirgi kafin motoci su yawaita. Ku rubuta amsarsa cikin jimla biyar, ku kawo mako mai zuwa.